Neman kalma: me za mu kira "seed-to-sale tracking" da Hausa?

Uwargidan Rediyo: Salamu alaikum malamai. Ƙarfe takwas na daren yau zan karanta rahoto kan jihohin Amurka da suka halatta cinikin tabar wiwi, kalmar nan ta tsaya min a wuya. Ga yadda abin yake. A Colorado, inda shaguna suka fara sayarwa ranar 1 ga Janairu 2014, shuka na tasawa ake ɗaura mata 'yar alama mai lamba wadda na'ura ke karantawa. In an girbe a auna, in ta bushe a sake aunawa, har karan da aka zubar sai an rubuta nauyinsa. Motar da za ta kai kaya shago ba ta tashi sai da takarda mai sunan direba da hanyar da zai bi. Duk yana shiga manhajar Metrc, hukuma na gani daga ofis. Me zan kira wannan?

Ɗan Damagaram: Bin sawu. "Tsarin bin sawun wiwi daga gona zuwa kanti." Kowane makiyayi ya san bin sawu.

Malamar Nahawu: Sawu ana binsa ne bayan abu ya ɓace, Yaya. Nan kuwa don kada ya ɓace ake yi. Har yanzu dokar tarayyar Amurka ba ta amince da wannan ciniki ba, shi ya sa a 2013 ma'aikatar shari'arsu ta gindaya wa jihohin sharaɗin kada kayan su tsallaka zuwa inda aka hana. Ni "bin diddigi" na zaɓa.

Tsohon Mai Fassara: Duk kun tsawaita. Harshen da ya isa kalma ɗaya yake ƙerawa. Ina ba da shawarar *madiddigi*, a kan ma'aunin mabuɗi da madubi. Na daɗe ina amfani da ita a darasina.

Malamar Nahawu: Allah gafarta Malam, mabuɗi daga buɗe ya fito, madubi daga duba. Diddigi suna ne. Daga wane aikatau aka ciro madiddigi?

Tsohon Mai Fassara: Hajiya, ka'ida bayan magana take zuwa. Da irin wannan tsoron muka wayi gari da kwamfuta da rajista, alhali ga na'ura mai ƙwaƙwalwa.

Ɗan Damagaram: Malam, ita na'urar ai Larabci ce. Kuma abin da ke ci min rai ke nan, a ƙera kalma a aji a Kano ko Zariya, a ce mu na Zinder da Maraɗi mu haddace. Ba a taɓa tambayarmu ba.

Tsohon Mai Fassara: Ban raina kowa ba. Amma shekarun da na yi a aikin nan ba wasa ba ne.

Abban Sadiya: Ni wani wuri ne ya dame ni. Hajiya, don Allah ki cire "halatta". Tsohuwa a ƙauye in ta ji an halatta wiwi, hukuncin addini za ta ɗauka. Ki ce doka ta ba da izini. Kuma ki faɗa ƙarara cewa a Najeriya laifi ne, NDLEA na kamawa, don yara na sauraro.

Uwargidan Rediyo: Na karɓi wannan, Abban Sadiya, na gode. Amma malamai lokaci na tafiya. "Daga iri zuwa sayarwa" fa?

Manomin Kadawa: Kada ki ce iri. Masu noman da yawa reshe suke yanka daga uwar shuka su dasa, kamar yadda muke yi da rogo. "Daga shuka" ya fi dacewa. "Gona" ma da gyara, don da yawa a cikin gini ake nomawa da hasken lantarki.

Malamar Nahawu: To "bin diddigi daga shuka zuwa kanti". Sai dai ki kula, ba ko'ina ne tsarin yake ɗaya ba. Kanada, da ta ba da izini a Oktoban 2018, rahoton wata-wata kamfanoni ke aika wa hukumar lafiya ta tarayya. Uruguay kuwa har mai saye take bi: sai ya yi rajista, ya ɗora yatsa a kantin magani, kuma ba ya wuce giram 40 a wata. Can diddigin ya wuce kanti.

Ɗan Damagaram: Ni dai a bakina bin sawu ne. Amma in da "kanti" a ciki, na haƙura.

Tsohon Mai Fassara: Kalma shida a madadin ɗaya. Ku yi yadda kuka ga dama. Ina roƙon dai a ambaci madiddigi ko sau ɗaya, a ji yadda masu sauraro za su karɓe ta.

Uwargidan Rediyo: Malam, yau ba zan iya ba, minti uku kawai aka ba ni. Zan ce "tsarin bin diddigi daga shuka zuwa kanti" a farko, daga nan "tsarin bin diddigi" kawai. Ita 'yar alamar da ake ɗaurawa fa? "Lamba" na rubuta, amma ban gamsu ba.

Manomin Kadawa: Shaida.

Malamar Nahawu: Shaida za ta rikice da ta kotu. Bar ta a lamba yau, gobe mu zauna a kai.