Na'urar lantarki ta rage ciwo: shin za ta amfani mahaifiyata mai ciwon gwiwa?

Baban Ummi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa, wanda likita ya ce zaizayewar guringuntsi ne irin na tsufa, har ya kai yanzu a zaune take yin salla. Ta ɗauki lokaci mai tsawo tana shan diclofenac, daga baya gyambon ciki ya kama ta, likita ya hana ta shi gaba ɗaya. Ƙanwata ta kawo shawarar mu saya mata wata ƙaramar na'ura da ake kira TENS, mai aiki da batir, wadda ake manna faya-fayanta a fata ta riƙa sakin lantarki kaɗan-kaɗan. Ina so masu sani su fayyace mini ko da gaske tana rage ciwo, ko kuwa tallan 'yan kasuwa ne kawai, sannan ko akwai haɗari ga tsohuwa mai hawan jini.

Likitan Gashin Ƙashi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne. Wannan na'ura sananniya ce a wurinmu, kuma za ka same ta a sashen gashin ƙashi na manyan asibitoci, don haka ba ƙirƙirar 'yan talla ba ce. Tunanin ma daɗaɗɗe ne, domin tun ƙarni na farko miladiyya wani likitan Rum mai suna Scribonius Largus yana sa masu ciwon kai da ciwon gaɓɓai su taɓa wani kifin teku mai jan mutum irin yadda minjirya take yi. Bayanin kimiyya kuwa ya zo ne a shekarar 1965, lokacin da Ronald Melzack da Patrick Wall suka nuna cewa saƙon ciwo yana bi ta wata mashiga a cikin laka kafin ya isa ƙwaƙwalwa, kuma idan aka motsa manyan jijiyoyin da ke ɗauke da saƙon taɓi, sai su rage abin da ke wucewa ta mashigar. Dalili ke nan da ya sa wanda ya buge gwiwar hannunsa yake murza wurin tun kafin ya yi tunani. Na'urar tana yin wannan murzar ne da lantarki. Idan aka saita ta a bugu mai sauri, kamar 80 zuwa 120 a daƙiƙa ɗaya, ta wannan hanya take aiki. Idan aka saukar da ita zuwa bugu 2 zuwa 10, ana ganin tana sa jiki ya saki nasa sinadaran kashe zafi.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne ba ta warkar da komai. Guringuntsin da ya zaizaye ba zai dawo ba, kuma sauƙin da ake samu yawanci yana tsayawa ne a lokacin da take kunne da ɗan lokaci bayan an kashe. Hujjar bincike ma ba ta da ƙarfi. Hukumar NICE, wadda ke tsara wa asibitocin Ingila ƙa'idojin jinya, ta ce a 2016 kada a ba masu ciwon baya ita, sannan a 2022 ta faɗi haka game da irin ciwon gaɓɓan da Mama ke fama da shi, saboda binciken da ake da shi bai isa ya tabbatar da amfaninta ba. Abin da hukumar ta sa a gaba shi ne motsa jiki domin ƙarfafa tsokar cinya, da rage ƙiba ga mai ita. A nawa ganin, hukuncin nasu ya shafi abin da gwamnati za ta kashe wa kuɗi a kan dubban mutane ne, alhali mu a ɗakin gashi muna ganin wanda take yi wa aiki sosai da wanda ba ta yi masa komai ba, kuma ba a rarrabe su sai an gwada. Saboda haka kada ku saya tukuna. Ku kai Mama wurin likitan gashi, idan kuna Kano akwai sashen a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, a gwada mata a can, a nuna muku inda ake manna faya-fayan, sannan ku yanke shawara.

Hawan jini shi kaɗai ba ya cikin abubuwan da aka saba hana ta saboda su, amma duk wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, da mai farfaɗiya, da mai ciwon zuciya, kada su kusance ta sai da izinin likitansu. Mai juna biyu ma kada ta ɗora ta a ciki ko a ƙugu ba tare da umarnin likita ko ungozoma ba. Ba a sa ta a gaban wuya, ko a ido, ko a kai, ko a ƙirji da baya lokaci guda, ko a kan rauni da jijiyar da ta kumbura.

Hajiya Mai Ɗinki ta amsa:

Sannu da jinya, Baban Ummi. Ni ina amfani da ita saboda ciwon ƙugu da zaman keken ɗinki ya jawo mini, kuma zan gaya maka abubuwan da takardar cikin kwali ba ta faɗa. Faya-fayan ba sa kama fatar da aka shafa wa basilin ko man kaɗanya, haka nan gumin bazara yana ɓalle su, kuma da zarar gefe ɗaya ya ɗaga sai lantarkin ya taru a wuri guda ya riƙa tsunkulin mutum. Sai an wanke wurin an goge ya bushe, a manna su hagu da dama na inda ke ciwo da 'yar tazara a tsakani, na'urar tana kashe, sannan a kunna a riƙa ƙara ƙarfi a hankali har a ji tsikari mai ƙarfi wanda bai kai ga zafi ba. Bayan 'yan mintoci jiki yana sabawa, sai ka ji kamar ta daina aiki, a nan ake ɗan ƙara mata. Idan an gama a mayar da faya-fayan kan ledarsu, domin ƙurar hunturu tana cinye danƙonsu da wuri, kuma kafin ka biya kuɗi ka tambayi mai shagon ko yana sayar da na canji, tunda su ne ke ƙarewa.

Ni dai ta rage mini yawan ƙwayoyin da nake sha, amma ba ta raba ni da ciwon ba, kuma ranar da na wuni a kan keke ba ta yin wani abin kirki.

Malamar Jinya ta amsa:

Ina goyon bayan abin da likita ya faɗa, sai dai ina da ƙari a kan abu biyu da suka fi damuna game da tsofaffi. Malam, ka bincika ko Mama tana da ciwon suga, domin masu shi da yawa jijiyoyin ƙafarsu sun yi rauni, ba sa jin taɓi sosai, kuma irin wannan mutum zai iya ƙure na'urar har fata ta yi ja ko ta saluɓe bai sani ba. Don haka kada a bar ta ita kaɗai da ita a farkon amfani, kada ta yi barci da ita a jiki, kuma a cire ta kafin alwala ko wanka.

Na biyu, akwai masu yawo da irin waɗannan na'urori a kasuwanni da tashoshin mota suna cewa suna maganin shanyewar ɓarin jiki da hawan jini da suga. Wannan ƙarya ce, kuma haɗarinta shi ne mutum ya ajiye maganin hawan jininsa saboda ya yarda da su. Ka saya a shagon kayan asibiti, ka duba ko tana da rajistar NAFDAC, ka tabbata ana iya saita saurin bugun da ƙarfinsa daban-daban. Sannan ka tambayi likitan da ya hana ta diclofenac na sha ko zai yarda da na shafawa, domin abin da yake shiga jini daga gare shi kaɗan ne, ko da yake da tarihin gyambon ciki shi ne mai hukunci. Idan kuwa gwiwar ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi da ja, ko zazzaɓi ya biyo baya, ko sha-raɓarta ta kumbura, ku ajiye na'urar ku tafi asibiti a ranar.

Baban Ummi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Tana da sugan kuwa, kuma takan ce tafin ƙafarta yana yi mata dindiris da dare, don haka zan fara gaya wa likitan gashi wannan kafin a manna mata komai. Likita, shin wannan ya hana a sa mata a gwiwa, ko kuwa ana gwada jin fatar wurin ne tukuna?