Neman shawara: horon likitan gashin cutar daji a Sakkwato, da batun da zan yi bincike a kai

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum manyanmu. Na gama hidimar ƙasa, ina son shiga fannin gashin cutar daji, wato jinyarta da haske mai ƙarfi na na'ura, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Me ake koyo a shekarun farko? Kuma wane bincike ne zai amfani marasa lafiyarmu, ba wanda zai kwanta a kanta yana shan ƙura ba?

Likita Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya sa albarka. Hanyar sananniya ce: jarrabawar share fage, sai Kashi na Ɗaya, sai Kashi na Biyu tare da kundin bincike, ko a Kwalejin Horar da Manyan Likitoci ta Ƙasa ko ta Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Abin da ke kayar da mutane tun farko fiziks ne da ilimin yadda ƙwayar halitta ke karɓar haske, don haka kada ka raina su.

Aikin yau da kullum kuwa a jere yake. A ɗauki hoton siti (CT, hoton cikin jiki) na mara lafiya a kwanciyar da zai riƙa yi kullum, a sa masa alama a fata. Kai likita ka zana iyakar ƙari da gaɓoɓin da za a kare, irin su mafitsara, dubura da laka. Masanin fiziks ya lissafa, ka duba ka sa hannu. Awon haske da ma'aunin da ake kira gire ake yi, yawanci gire 1.8 zuwa 2 a rana, kwana biyar a mako. Nan ake yawan tuntuɓe: mai ciwon wuya ya rame a mako na uku, abin rufe fuskar da aka gasa daidai da shi ya yi masa yawa, kansa ya riƙa motsi, haske ya sauka inda ba a nufa ba. Sai an sake hoto da lissafi.

Mai Awon Haske:
Likita ya yi bayani, bari in ƙara ta ɓangaren na'ura. Linak, na'urar gashi mai samar da haske da wutar lantarki, ba ta son zafi, ba ta son ƙura, ba ta son wuta mai rawa, kuma duka ukun muna da su. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, in na'urar sanyaya ruwanta ta gaza, da kanta take tsayawa. Ƙurar hunturu tana toshe matatun iska. Shi ya sa kowace safiya ake auna ƙarfin hasken kafin mutum na farko ya kwanta, in ya kauce da fiye da kashi 3 cikin 100 a dakata a bincika. Kobal, na'urar da haskenta ke fitowa daga ƙarfen kobal da ke cikinta, ta fi juriya, amma ƙarfinta yana raguwa da rabi duk shekara 5 da 'yan watanni, wato kusan kashi 1 cikin 100 a wata, dole a riƙa gyara lokacin gashi kowane wata. Ka kuma riƙa maƙala ɗan ma'aunin haskenka a ƙirji, hukumar NNRA mai sa ido kan harkokin nukiliya ba ta wasa da wannan.

Hajiya Likita:
Ɗana, kan bincike, ka duba tsawon kwanakin jinyar sankarar bakin mahaifa. Ƙa'ida ita ce gire 45 zuwa 50 daga waje cikin mako biyar, da allurar cisplatin, maganin cutar daji, mako-mako, sannan gashin ciki, inda ake sanya tushen hasken dab da ƙarin. A kammala duka cikin mako takwas, kwana 56. Kowace rana da ta ƙaru, ƙwayoyin da suka tsira suna hayayyafa, damar warkewa tana zubewa.

Wannan yana ci mini rai, domin matan namu daga Isa, Illela, Argungu, har Birnin Ƙonni suke zuwa. Wata kuɗin mota ya ƙare, wata jininta ya yi ƙasa ana jiran mai bayarwa, wata damina ta faɗi mijin ya koma gona babu mai jinya. Ɗauki fayil-fayil na shekara uku. Rubuta ranar farawa, ranar gamawa, kowace ranar da aka tsallake da dalilinta, matakin ciwon, da awon jini na kowane mako. Ka raba tsaikon na'ura da tsaikon aljihu, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Nemi izinin kwamitin ɗa'a kafin ka buɗe fayil ko ɗaya, kuma tun ranar farko ka karɓi lambar waya biyu, tata da ta ɗan'uwanta, in ba haka ba bayan wata shida rabin bayananka babu ƙarshe.

Likita Runjin Sambo:
Hajiya ta gama magana. In wani ya riga ka wannan batun, ga sankarar mafitsara, wadda tsargiya ke jawowa a garuruwan bakin gulbin Rima.

Ɗan Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, matan da aka tura wani gari don gashin ciki, in ƙirga kwanakin tafiyarsu a cikin 56 ɗin?

Hajiya Likita:
Ƙwarai kuwa, ƙari bai san ana hanya ba. Ƙirga daga ranar gashin farko har ranar gashin ciki na ƙarshe, ka ba su shafi nasu daban.