Naɗin kan ginshiƙin Ayoniya: zagaye biyu ne ko uku?

Salamu alaikum. Zanen naɗin nan mai kama da katantanwa da ke kan ginshiƙin Ayoniya (wani salon ginshiƙi na tsoffin Girkawa) ya gagare ni. Na bi bayanin Vitruvius, masanin gini na tsohuwar Rum, a littafi na uku na De architectura, aikinsa kan gine-gine: tsayin naɗin kashi 8 ne, idonsa (ƙaramar da'irar da ke tsakiya) kashi 1, kuma a kowane rubu'in zagaye ana rage buɗin kamfas ɗin zana da'ira da rabin faɗin idon. Da na fara daga kashi 4 da rabi, zagaye biyu kacal na yi na isa idon.

Zanen da Vitruvius ya ce zai sa a ƙarshen littafin kuwa ya ɓace tun zamanin da.

Na koma ga masanan Italiya na baya. Na gwada tsarin Serlio na 1537, mai cibiyoyi 6 (wuraren kafa ƙafar kamfas) a layi ɗaya, ga rabin da'ira bayan rabin da'ira. Zagaye uku ya fito, amma a karkace, bai yi mini kyau ba. Tsarin Salviati na 1552 mai cibiyoyi 12 ya fi santsi, shi ma uku ne. Na leƙa sharhin Barbaro na 1556 a kan Vitruvius, wanda masanin gini Palladio ya yi wa zane, sai dai Italiyancina bai kai can ba.

Don Allah, daga ina masu sharhin nan suka samo zagaye na uku: daga nassin Vitruvius, ko daga awon kufan gine-ginen Rum? Na gode.