Neman kalmar Hausa: me za mu kira aneurysm na babbar jijiyar ciki?

Malamin lafiya: Assalamu alaikum. Ga matsalar a taƙaice. Babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya tana gangarowa ta ƙirji, ta ratsa ciki ta gaban ƙashin baya, ta rabu biyu daidai saitin cibiya, kowane reshe ya nufi ƙafa. A babban mutum faɗinta kamar santimita 2 ne. Idan bangonta ya yi rauni ya saki har faɗin ya kai santimita 3, an shiga wannan lalura. Yawanci ƙasa da jijiyoyin ƙoda take fitowa. Ni "kumburin jijiya" na kawo, a gyara mini.

Likitan tiyata: Wa alaikumus salam, Malam. Kumburi ba zai yi ba. Bahaushe in ya ji kumburi, abin da ke zuwa masa shi ne wuri mai zafi da ciwo wanda ake shafa wa magani ya sace. Wannan kuwa yawanci ba ta ciwo, ba ta sacewa, mutum zai yi shekaru da ita yana cin tuwonsa lafiya. Ranar da ta fashe ne ake jin ciwon ciki ko na baya mai tsanani, jini ya tsiyaye a ciki, mutum ya suma. Wajen 8 cikin 10 ba sa tsira, da yawa ma ba sa isa asibiti. Ita ce ajalin shahararren masanin kimiyya Albert Einstein a 1955.

Ma'aikaciyar jinya: Likita, to "ƙabar jijiya" fa, tunda ita ma bango ne ya yi rauni?

Likitan tiyata: 'Yar'uwa, dalilinki daidai ne, amma ina jin tsoron kalmar. Ƙaba an saba danna ta a mayar ciki. Dattijon da ya ji wani abu na bugawa saman cibiyarsa kamar zuciya, ba danna muke so a yi masa ba, hoto muke so.

Mai ɗaukar hoton ciki: A fuskar na'ura kamar maciji ya haɗiyi kwaɗo take: siririya sama, siririya ƙasa, tsakiya ta buɗe. Faɗi muke aunawa, kuma a kan faɗi ake yanke komai, don haka kalmar ta ɗauki faɗi. Dubi tsarin Ingila da aka fara a 2009: duk namiji ana gayyatarsa hoton ciki sau ɗaya a shekarar da zai cika 65, aikin minti goma zuwa sha biyar. Ƙasa da santimita 3, an sallame shi ke nan. Daga 3 zuwa 4.4, hoto duk shekara. Daga 4.5 zuwa 5.4, duk wata uku. Ya kai 5.5, sai wurin likitan tiyatar jijiyoyi. Inda ake kuskure: iskar hanji da teɓa kan rufe jijiyar, sannan in aka karkata kan na'urar aka yanko ta a karkace, sai awo ya fi gaskiya girma, a ɗaga wa mutum hankali a banza.

Likitan tiyata: Ga ma inda arhar tsarin nan take. Ba kowa ake dubawa ba, maza masu shekaru ne, don su ta fi kamawa. A Amurka sun ƙara taƙaitawa: maza 'yan 65 zuwa 75 da suka taɓa shan taba. Kuma ba a gaggawar yanka ƙarama, domin ƙasa da 5.5 aikin bai fi barinta da sa ido alheri ba. Abin yi a tsakani shi ne barin taba da riƙe hawan jini. In lokacin aiki ya zo, ko a buɗe ciki a ɗinka bututun roba a madadin wurin da ya saki, ko a zura bututu mai ragar ƙarfe ta jijiyar matsematsi. Na biyun ya fi saurin sallama, amma jini kan yi yoyo ta gefen bututun ya ci gaba da cika wurin, shi ya sa mai shi ba ya rabuwa da hoto har ƙarshen rayuwa, wani lokaci ma a sake aiki. Wannan kuɗi ne da dole a sa a lissafi.

Malamin lafiya: To ga abin da na tsinta. Tunda muna da uwar hanji, babbar jijiyar nan mu ce mata "uwar jijiya". Lalurar kuma "faɗaɗar uwar jijiya".

Ma'aikaciyar jinya: Na yarda, Malam, amma a ƙara "ta ciki", don akwai irinta a ƙirji. "Buɗewa" kuma kada a sa, mai sauraro zai ɗauka ta riga ta yage. Ranar gaggawa a ce "fashewar uwar jijiya".

Likitan tiyata: Sun zauna. A farkon bayani dai a riƙa cewa jijiyar jini ce, tunda da jijiya muke kiran ta agara da ta laka duka.