Me ke juya iskar da ke kilomita 100 sama da mu a kowace rana?

Ɗalibin kimiyya, Katsina:
Assalamu alaikum, malamai. Ina karatu a kan iskar da ke kaɗawa a ɓangaren ƙasa na tamosfiya, wato ɗaya daga cikin matakan iskar da ke can sama, tsakanin kilomita 90 zuwa 150 daga doron ƙasa, kuma na ga cewa iskar can, wadda ba ta ɗauke da cajin lantarki, tana sauya alƙibla a lokuta tsayayyu kamar cika da janyewar teku. Shin jan Wata ne sanadi?

Malamin sakandare, Daura:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A teku Wata ke da rinjaye, amma a iska zafin Rana ne. Tururin ruwa da ke ƙasa-ƙasa da iskar ozon da ke bisansa suna ɗumama da rana su huce da dare, kuma wannan ne ke haifar da igiyoyi masu dawowa duk bayan awa 24, awa 12 da awa 8. A nan ƙasa da ƙyar ake lura da su, in ban da mai duba ma'aunin nauyin iska, wanda zai ga ya ɗan hau da misalin ƙarfe 10 na safe da 10 na dare. Amma da yake iska tana ƙara ƙaranci yayin da ake yin sama, igiyar tana girma har gudunta ya wuce mita 50 a daƙiƙa. A yankinmu mai awa 24 ce ta fi tasiri, kuma takan fi ƙarfi a wajajen Maris da Satumba.

Wata mai nazari, Ƙofar Sauri:
Malam ya yi bayani, sai dai bai kamata a cire Wata gaba ɗaya ba, domin yana da tasa igiyar mai awa 12 da minti 25, ko da yake raunanna ce. Abin da na fi ganin muhimmancinsa shi ne hadarin damina. Zafin da manyan gizagizai ke saki a Afirka, Kudancin Amurka da yankin Indunusiya yana tayar da igiyoyin da ba sa bin Rana yamma kamar yadda waɗanda Malam ya ambata ke yi, wasu ma gabas suke nufa, kuma ana ganin sawunsu har cikin ayonosfiya, wato yankin sama mai ƙwayoyi masu cajin lantarki. Iskar tana jan ƙwayoyi masu caji ta ratsa da su maganaɗisun duniya, sai ta samar da lantarki mai gudana gabas da rana a bisa layin tsakiyar maganaɗisu, wanda ya ratsa Najeriya ta kudu da Katsina.

Ɗalibin kimiyya, Katsina:
Allah ya ƙara ilimi. To, yaya ake auna ta, tunda balan-balan ba ya kaiwa can?

Malamin sakandare, Daura:
Na'urar rada tana bin sawun ƙananan duwatsun sama da ke ƙonewa tsakanin kilomita 80 da 100, ta ga inda iska ta kwashe shi. Tauraron ɗan'adam na ICON, wanda hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba a 2019, ya auna ta ne daga koren haske da jan haske da iskar oksijin ke fitarwa a can.