Abin da aka tattauna kan kawo kwikwiyo gida a Garwa

Jama'a, ga abin da na tsinta daga maganganunku:

1. An yarda kada a raba shi da uwarsa kafin sati 8.

2. Rigakafin ciwon haukan kare idan ya kai wata 3, wurin likitan dabbobi. Nan kowa ya nanata, ni ma ina roƙo, domin yaranmu ne ke wasa da shi. A haɗa da maganin tsutsar ciki da na kaska.

3. Inuwa da ruwa kullum, musamman a zafin Maris da Afrilu. Kada a ba shi albasa ko dafaffen ƙashin kaza.

4. Wurin kwana ne aka rabu: wasu sun ce zaure, mafi yawa sun ce bayan gida nesa da wurin sallah, tunda don gadi aka kawo shi.