Na haɗa jitar lantarki da hannuna amma ƙugi ya hana ni sakat

Dan_Gyadi:
Salam jama'a. Don Allah masu ilimin abin a taimaka. Wata uku da suka wuce na yi odar jita irin wadda ake turowa a warwatse cikin kwali, samfurin Stratocaster, jiki daban wuya daban, fikof uku (masu ɗaukar sautin tsirkiya), folum ɗaya ton biyu da makunni mai hawa 5. Sati biyu ina gugar katakon da samfefa kafin na shafa mai, na ɗaura wuyan da sukurori huɗu, komai ya zauna daram wlh har daɗin kallo take. To jiya na gama like wayoyin da dalma na jona a amfilifaya, sauti yana fita amma akwai wani ƙugi zzzz mai ƙarfi, kuma da na ɗora hannu kan tsirkiya sai ya ƙaru sosai. Ko fikof ɗin ne suka zo a lalace? Kuɗina na tara na saya, raina duk a jagule yake.

Baba_Mai_Rediyo:
Wa alaikumus salam. Yaro kwantar da hankalinka, ka riga ka faɗi ciwon da bakinka. Jita lafiyayya in ka taɓa tsirkiya ƙugi raguwa yake, naka ƙaruwa yake, to da wuya in ba ka juya wayoyin jak ba ne, wato ramin da kebur ke shiga. Ƙafa biyu gare shi, ɗaya ta haɗu da dogon harshen nan da ke taɓa tsinin fulogi, nan wayar sauti za ta, ɗayar ta haɗu da zoben tsakiya, nan baƙar waya ta giraun (wato ƙasan lantarki, inda duk ƙarfen jitar ke haɗuwa) za ta. Kar ka yarda da ido don ƙafafun suna ruɗi, ka sa mita ta awon lantarki ka gwada. In sun juye to duk ƙarfen jitar har da tsirkiya ya koma layin sauti, kai kuma ka zama eriya.

Na biyu juya ta ka buɗe murfin baya inda sifirin suke, akwai ƙarfen da suke maƙale a jiki, dole waya ta taso daga bayan folum ta like a kansa. Ƙarfen nan shan zafi gare shi, sai ka kankare wurin ya yi haske sannan ka sa ayan (ƙarfen narka dalma) mai kamar wat 40, in dalmar ta tsaya kamar ƙwallo tana dishi-dishi bata kama ba, sake. Amma a bayan folum kar ka daɗe da ayan, zafi na kashe shi. Fikof kuwa ka auna, irin waɗannan suna ba da wajen 6k (ohm dubu shida) a mita, in ka ga haka lafiyarsu lau.

Issoufou_Damagaram:
Abin da Baba ya faɗa haka yake. Ni ƙari na kawai, ko ka gyara kar ka sa rai shiru zai yi gaba ɗaya, fikof mai nadi ɗaya halinsa kenan yana ɗaukar ƙugin wuta, tamu 50Hz ce. Gwada hawa na 2 da na 4 na makunnin, in fikof ɗin tsakiya a juye aka naɗe shi za ka ji ya lafa. Ni tawa na shimfiɗa tef na tagulla cikin ramin duka da bayan farantin da fikof ke zaune a kai na haɗa da giraun, ya rage sosai musamman kusa da cajar waya. A wajen biki kuma mu da batir muke kunna amfilifaya saboda janareta shi ma nasa surutun daban ne.

Baba_Mai_Rediyo:
Na manta, wannan ya fi komai. Gidaje da yawa soket ɗinsu ba wayar at (wayar kariya da ke kai wuta ƙasa), in ka taɓa jin ɗan tsiku a tsirkiya ko a makirfo, kashe nan take a duba amfilifayar, ba a wasa da wannan.

Dan_Gyadi:
Baba Allah ya ƙara girma, Allah ya saka da alheri. Jak ɗin ne wlh, na sa mita sai ga shi a juye, na sauya kuma wayar bayan ma da na ɗan ja ta sai ta fita, na kankare na sake likewa. Yanzu in na taɓa tsirkiya tsit kake ji, hawa na 2 da na 4 ma shiru. Malam Issoufou tef ɗin tagullan a wajen su wa ake samu? Sannan tun shigowar hunturu bakin ƙarafan wuyan sun fara kartar min hannu, in goge su da fayil ko in jira damina katakon ya dawo?